Ƙanzon Tsufa a Ƙwaƙwalwa: Abin da Larurar Inna Ta Koya Mana



Mun daɗe muna ja-in-ja a tsakaninmu kan ko mu rubuta wannan bayani ko mu bar wa cikinmu. Mu biyar ne uwa ɗaya uba ɗaya, duk haihuwar Sabo a nan Badun, kuma da yawanku kun ci tuwon mahaifiyarmu. Abin da ya raba gardamar shi ne cigiyar da aka yi kwanakin baya ta wani dattijo da ya fita bai dawo ba. Mun ji masu cewa aljanu ne suka ɗauke shi, mun ji masu cewa kurciya aka yi masa. Mu ma irin abin da muka ce ke nan lokacin da abin ya faɗo gidanmu. Wannan zaton ya ci mana kuɗi, ya kusa cin auren babbanmu, ya kuma kusa cin ran Inna.

Tana amarya aka kawo Inna daga ƙasar Kano. Ta yi shekara kusan arba'in tana sayar da tuwo da miyar kuka, ba ta taɓa riƙe littafin bashi ba. Wanda ya ci na nawa, wanda ya biya rabi, wanda ya ce sai ranar Juma'a, duk a kanta suke. Yarbanci kuwa sai ka rantse a cikinsa aka haife ta. Saboda haka da ta fara zuba gishiri sau biyu a miya, ta yi tambaya a ba ta amsa ta sake yi bayan minti biyar, sai muka yi dariya muka ce gigin tsufa ne. Lokacin tana da shekara 74.

Dariyar ba ta yi nisa ba. Ta fara ɓoye kuɗi a cikin tukunya ko ƙarƙashin katifa, ta manta, ta ce matar babbanmu ce ta sace. Da yake ba mu taɓa jin Inna ta yi ƙarya ba, mun gaskata ta. Baiwar Allah nan ta yi yaji sau biyu. Daga baya muka juya muka ce sammu aka yi wa Inna, muka yi ta zarya wajen masu magani, aka yi ta hayaƙi da wanka. Ana cikin haka Yarbancin ya fara zube mata. Maƙwabciyar da suka yi shekara talatin suna hira za ta gaishe ta, sai dai ta zuba mata ido.

Wata rana da asuba ta buɗe ƙofa ta fita da takalmi ƙafa ɗaya. Mun zaga Sabo, mun bi ta Mokola, babu labari. Sai wajen azahar aka kira mu daga wata unguwa mai nisa. An same ta zaune a bakin kwata, zaninta duk laka, tana maganar da ba wanda ya fahimta. Mutane suka taru, wani ya ce mayya ce da gari ya waye mata a hanya, yara suka fara ɗibar duwatsu. Wata Bayarabiya mai sayar da burodi ce ta kutsa cikin taron, ta rungume ta, ta ce ta san ta, tuwonta ta riƙa saya wa 'ya'yanta. Ita ta nemo mai lambarmu. Da muka isa, Inna ta dubi babbanmu ta ce, "Yaya, ka zo? Gidan Baba zan je, na ɓata hanya." Mahaifinta ya rasu tun ba a haifi autarmu ba, gidan kuma yana can Arewa.

Washegari muka kai ta asibiti. Aka yi mata tambayoyi, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Da likita ya ɗora hoton, sai muka hangi wani farin ɗigo fat a tsakiyar kan. Babbanmu ya miƙe tsaye ya ce, "Likita, ga shi nan! Wannan shi ne abin da aka jefe ta da shi." Likitan ya ce, "Zauna, Malam. Wannan ɗigon ba shi ne damuwar Mama ba. Idan na ɗauki hotonka, mai yiwuwa in same shi a kanka. Abin da ke cin ta ba ya fitowa a irin wannan hoton." Ya nuna mana inda ƙwaƙwalwar ta tsotse, da tabon wasu ƙananan jijiyoyin jini da suka taɓa toshewa ba mu sani ba, ya ce alamun sun fi kama da cutar Alzheimer haɗe da ɓarnar hawan jini.

Daga ranar muka shiga tambaya da karatu, da taimakon 'yar ɗaya daga cikinmu mai karatun likita. Ga abin da muka fahimta, a yadda za mu iya faɗinsa.

Ƙwaƙwalwa ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Wato murhu ce da ba a kashewa dare da rana. Ƙwayoyin halittar fata suna mutuwa wasu su maye gurbinsu cikin makonni. Ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa kuwa, waɗanda yawansu ya kai kusan biliyan 86, akasarinsu ba sa sabuntawa: waɗanda aka haife ka da su, da su za ka tsufa. Duk matar da ta yi shekara saba'in tana girki a tukunya ɗaya ta san dole ta yi ƙanzo. Ita ma ƙwaƙwalwa tana yin nata, kuma ba iri ɗaya ba ne.

Farin ɗigon da ya tayar mana da hankali ana ce masa yashin ƙwaƙwalwa. Yana taruwa ne a wani ɗan ƙullutu mai girman ƙwayar shinkafa da ke tsakiyar kai, wanda ke fitar da melatonin, sinadarin da ke daidaita barci da farkawa. Kalsiyam ne da fosfet, irin abin da aka gina ƙashi da haƙori da shi, shi ya sa yake fitowa fari a hoto kamar ƙashi. Manya da yawa suna da shi ba su sani ba, kuma likitoci ba sa ɗaukarsa cuta.

Na biyu shi ne ƙanzon gaske, ana kiransa lifofusin. Wani masani mai suna Adolph Hannover ya fara bayyana shi a ƙwayoyin jijiya a shekarar 1842. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu 'yan jakunkuna da aikinsu shi ne narkar da kayan da suka lalace a sake amfani da su. To, akwai abin da yake gagararsu: furotin da kitse waɗanda oksijin ya ɓata, kamar yadda mai ke yin ɗoyi idan ya daɗe ko ƙarfe ya yi tsatsa. Suna manne wa juna tare da ɗan burbushin ƙarfe da tagulla da tutiya, su zama wata diddiga mai launin rawaya zuwa ruwan ƙasa. Ba ta narkewa, ba ta fita, sai dai ta ƙaru shekara bayan shekara. Ana samunta a tsokar zuciya da bayan ido ma, saboda su ma ƙwayoyinsu ba sa sabuntawa. Duk mai yawan rai yana da ita, mai lafiya da marar lafiya. Idan ta yi yawa sosai takan cika jakunkunan, aikin sharar ya yi sanyi, amma samunta kawai ba ya nufin mutum zai ruɗe.

Na uku ya ba mu mamaki, don shi rashinsa ne alamar cuta. A can gindin ƙwaƙwalwa akwai wani wuri da yake baƙi ƙirin a kan babban mutum, alhali a kan jariri ba baƙi ba ne. Abin da ke baƙanta shi ana kiransa niyuromelanin. Yana samuwa ne daga ragowar dofamin, sinadarin da ke taimakon motsin jiki. Ba ruwansa da launin fata: Bature yana da shi, baƙar fata yana da shi, har zabiya yana da shi. Aikinsa ya yi kama da na soso, yana kama ƙarfen da ke yawo ya riƙe don kada ya yi ɓarna. A cutar Parkinson, wadda ke sa karkarwar hannu da sanyin tafiya, ƙwayoyin da ke ɗauke da shi ne suke mutuwa, sai wurin ya koɗe.

Na huɗu wasu 'yan dunƙule-dunƙule ne masu kama da ƙwayar sitaci, waɗanda akasarinsu sukarin gulukos ne da ya sarƙe da juna. Suna yawaita da shekaru a gefen ƙwaƙwalwa da kusa da jijiyoyin jini. A 1854 wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya ɗiga musu aidin ya ga sun canja launi irin yadda sitaci ke yi, kamar gwajin da ake yi wa yara a makaranta. Daga nan kalmar amiloyid ta shiga likitanci, ma'anarta mai kama da sitaci. Masu bincike na yanzu suna kallonsu a matsayin buhunan shara, inda ƙwaƙwalwa ke ƙunshe tarkacenta.

Duk waɗannan huɗun rabon mai tsawon kwana ne. Biyun da suka rage su ne suka shafi Inna.

A 1901 aka kwantar da wata mata mai shekara 51, Auguste Deter, a wani asibiti a Frankfurt ta ƙasar Jamus. Tana mantuwa, tana ɓoye kaya, tana zargin mijinta. Da muka karanta labarinta sai da muka dubi juna. Ta rasu a 1906, likitanta Alois Alzheimer ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin ƙara girman abu, ya ga abubuwa biyu: wasu curi-curi a tsakanin ƙwayoyin jijiya, da wasu zaruruwa da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin kansu. Sai a 1984 George Glenner da Caine Wong suka gano ainihin sinadarin curin. Duk da sunansa na amiloyid, ba sitaci ba ne. Ɗan guntun furotin ne mai gaɓoɓi 40 ko 42, wanda ake yankowa daga wani dogon furotin da ke jikin ƙwayar jijiya. Kowa yana yin sa kullum, kuma ƙwaƙwalwa tana wanke shi. Mai gaɓa 42 ɗin ya fi danƙo. Idan abin da ake yi ya fi abin da ake wankewa, sai ya fara liƙe wa juna. Wannan taruwar takan fara shekara 15 zuwa 20 kafin a ga alamar farko. Wato lokacin da Inna ke riƙe da bashin rabin unguwa a ka, abin ya riga ya soma.

Zaruruwan kuma wani furotin ne da ake kira tawu. A ƙwayar lafiya, shi ke riƙe 'yan hanyoyin da ake jigilar abinci da saƙo a cikin ƙwayar, kamar katakon da ke riƙe layin dogo. Idan fosfet ya yi masa yawa sai ya saki layin, ya nannaɗe da 'yan'uwansa, hanya ta watse, ƙwayar ta mutu. Ɓarnar tawu takan fara ne daga sashen da ke ajiye sabon abu, kafin ta bazu. Wannan ya warware mana abin da ya fi ɗaure mana kai. Inna ba ta tuna ko ta karya kumallo, amma tana iya lissafa ƙawayenta na ƙuruciya. Yarbancin da ta koya da girmanta ya tafi, Hausar da ta sha a nono ta zauna. Kuɗin da ta ɓoye kuwa, ajiyar ba ta taɓa zama a kanta ba, shi ya sa da ta duba ba ta gani ba sai ta nemi wanda za ta ɗora wa. A wurinta gaskiya take faɗa.

Wani abin da ya ba mu ƙwarin gwiwa shi ne, curin amiloyid ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. A 1986 wani masani a Amurka, David Snowdon, ya fara bibiyar wasu tsofaffin mata masu hidimar coci, waɗanda yawansu ya kai 678, kuma suka amince a duba ƙwaƙwalwarsu bayan sun mutu. An samu wadda ta haura shekara 100 da hankalinta garau, amma ƙwaƙwalwarta cike da curi da zaruruwa. An kuma ga cewa a cikin masu curin, waɗanda ƙananan jijiyoyin jininsu suka taɓa toshewa sun fi saurin nuna ruɗewa. Irin tabon da likita ya nuna mana a hoton Inna ke nan.

Ashe ma ɗaya daga cikin manyan binciken duniya a kan wannan larura a garin nan aka yi shi. Tun daga 1992, likitocin Jami'ar Ibadan, cikinsu da Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Adesola Ogunniyi, suka haɗa kai da su Farfesa Hugh Hendrie na Jami'ar Indiyana a Amurka. Sun gwada Yarbawa 'yan shekara 65 zuwa sama a unguwar Idikan da kewayenta, da baƙaƙen fatar Amurka masu irin shekarun a birnin Indianapolis, sama da mutum dubu biyu a kowane gari, da ma'auni iri ɗaya. Sakamakon da suka fitar a 1995 ya nuna kusan kashi 2 cikin 100 na tsofaffin Badun ne ke da cutar mantuwa, a can kuwa kusan kashi 8. Sun kuma lura cewa hawan jini, ciwon suga da yawan kitse a jini sun fi yawa a tsakanin na Amurka. Mu abin da muka ɗauka a nan biyu ne. Na farko, cutar tana nan a ƙasarmu, ba ta Turawa ba ce. Na biyu, tunda tsofaffi 98 cikin 100 ba su da ita, kuskure ne mu riƙa cewa ai haka tsufa yake. Sannan mu dubi kanmu: yau wane gida ne a Sabo babu mai hawan jini ko suga?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da cutar mantuwa, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu. Akwai sabon magani mai suna lekanemab da Amurka ta amince da shi a 2023, wanda ke kwashe curin amiloyid. Ba ya warkarwa. A gwaji ya rage saurin lalacewar da kusan kashi 27 cikin 100 a wata 18, ga masu matakin farko kawai, yana iya kawo kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa, kuma kuɗin da aka sa masa a 2023 dala 26,500 ne a shekara. Wannan ba namu ba ne. Namu shi ne abin da kwamitin masana na mujallar Lancet ya fitar a 2024, cewa kusan kashi 45 cikin 100 na cutar yana da alaƙa da abubuwa 14 da za a iya gyarawa. Cikinsu akwai hawan jini, suga, kitse a jini, taba, rashin motsa jiki, raunin ji da na gani da ba a kula da su ba, buguwar kai, da zaman kaɗaici. 'Yan'uwanmu masu acaba, hular kwano tana cikin wannan lissafin. Inna ta yi shekaru da hawan jini tana shan magani sai ranar da kai ya sara mata, mu kuma muna kallo ba mu matsa ba. Wannan laifinmu ne, ba na wani mai jifa ba.

Muna roƙon duk mai tsoho a gida, idan mantuwa ta kai ga ɓata hanya, ko maimaita tambaya, ko zargin sata, ko kasa aikin da aka saba, a kai shi asibiti da wuri. Ba kowace ruɗewa ce Alzheimer ba. Ƙarancin bitamin B12, ciwon maƙoƙo, ciwon damuwa, cutar mafitsara, har wasu magunguna, duk suna iya rikita tsoho, kuma waɗannan ana maganinsu ya dawo daidai. Addu'a ba ta hana gwajin jini.

Ga abin da muke yi yanzu. Mun ɗinka lambar waya a cikin kowane hijabinta. Mun nuna hotonta ga masu shaguna da masu acaban bakin layi, Hausawa da Yarbawa, mun gaya musu gaskiyar larurarta. Mun sa ƙararrawa a ƙofa maimakon mu kulle ta a ɗaki. Ana auna jininta duk mako, maganin kuma a hannun mutum ɗaya yake. Mun daina yi mata gardama. Idan ta ce za ta gidan Baba, ba ma cewa ya rasu, don duk lokacin da aka faɗa sai ta yi kuka kamar yau ta fara ji. Autarmu takan ce, "To Inna, bari rana ta yi sanyi, ga kunu ki sha tukuna." Kafin ta shanye, maganar ta wuce. Matar babbanmu kuwa, mu biyar muka je gidansu muka ba ta haƙuri a gaban iyayenta. Yau ita ke yi wa Inna wanka, kuma ita kaɗai Inna ke yarda ta taɓa mata kai.

Idan kun ga tsoho ko tsohuwa a hanya a rikice, ba ta san sunan unguwarta ba, ko tana magana ita kaɗai, don Allah ku zaunar da ita a inuwa, ku ba ta ruwa, ku duba jikin tufafinta ko akwai lamba, ku kai cigiya masallaci ko coci ko ofishin 'yan sanda mafi kusa. Idan taro ya fara haɗuwa, ku tsaya a gabanta yadda mai burodin nan ta tsaya wa tamu.

Inna tana nan da rai, shekararta 79. Ba ta kiran sunayenmu daidai, babbanmu ya zama Yaya har yau, shi kuma yana amsawa. Amma ranar da aka ɗora tukunyar tuwo, akan zaunar da ita kusa a miƙa mata muciya. Hannun bai manta ba. Takan tuƙa, ta ɗaga muciyar ta duba, ta ce a ƙara gari.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya bayyana dattijon da ake nema, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Wanda yake da irin wannan larura a gida kuma yana son jin yadda muke yi, ya same mu bayan taron wata, ƙofarmu a buɗe take.